Tsagar Bangon Gabas

Ƙasar Gadarif baƙa ce, kuma ba ta zama wuri ɗaya.
Da rani ta buɗe baki har ƙafar akuya ta shige,
da damina ta kumbura, ta ture abin da aka ɗora mata.
A kanta gidana yake.
Shi ya sa kowace shekara,
kafin hadarin farko ya taso daga wajen Habasha,
tsagar bangon gabas take dawowa.
Ta faro daga ƙasan taga,
ta karkata hagu kamar mai kauce wa kare,
ta hau har gindin azara.
Bana yatsuna uku suka shige.

Bara na so in yi mata wayo.
Na je kasuwa wurin Awad mai kayan gini,
na sayi rabin buhun siminti da ragowar kuɗin riɗi,
na cike ta, na shafe,
na ja baya ina kallo, hannu a ƙugu, sai ka ce injiniya.
Hajja Kaltume ta leƙo ta kan katanga,
ƙanshin gahawa na biye da ita:
"Ɗan Jibirin, laka ba ta zama da siminti.
Ita tana numfashi, shi ba ya yi."
Na ce, zamani ne, Hajja.
Kafin a yanke dawa simintin ya faɗo guda,
dogo kamar ƙafar gado,
ya fasa mini tukunyar na'ana'a.

Bana ban bi ta shagon Awad ba.
Na tona rami a bayan madafa,
na zuba laka da ƙaiƙayi
da kashin jakin Mudassir mai sayar da ruwa,
na bar su kwana biyar suna ruɓa.
Ihsan ta toshe hanci, ta rantse ba ta taɓawa.
Da hantsi sai ga ta cikin kwaɓin har gwiwa,
tana tattakawa, tana ƙirga da Larabci,
in ta zame ta yi ihu da Hausa.

Na hau tsani da guntuwar adda
ina kankare yaɓen da ya saki.
Na sama nawa ne, na shekarar ambaliya.
Na ƙarƙashinsa ja-ja, mai yawan yashi,
aikin Yaya Tijjani ne kafin ya tafi Bur Sudan,
shi dama komai nasa da sauri.
Can ciki, inda addar ta ƙi ci,
sai ga shatin hannu a bushe:
yatsu huɗu,
gurbin na biyar sumul.
Injin sussuka ne ya cinye wa Baba ɗan yatsa
tun ban fara tafiya ba.

Na daɗe a kan tsanin.
Ihsan ta ɗaga kai: "Baba, kunama ce?"
Na ce, a'a, miƙo kwanon.

Na yayyafa ruwa, bangon ya sha.
Na cusa katangar tulu a cikin tsagar,
na danna laka da babban yatsa, na sake dannawa.
Da na zo kan shatin na sa tafina a ciki,
nawa bai cika shi ba.
Na rufe shi da kauri biyu,
don ruwan gabas bai san hannun kowa ba.

Da la'asar Hajja ta sake leƙowa.
Ta duba sama, ta duba ƙasa,
ta ce, "Ya yi tudu a tsakiya."
Na ce, na sani.

Indararo yana nan a karkace,
ƙyauren zaure har yanzu sai an ɗaga shi yake rufuwa,
gara kuma ta fara gaisawa da azara ta uku.
Daren Laraba aka yi tsawa.
Na tashi da tocila na shafa bangon gabas, a bushe.
Sai na ji ɗis, ɗis, a bayana,
ta yamma, daidai kan buhun gero.
Na ce, Ihsan, ina bokitin nan?