Taya Huɗu a Ladipo

Rana ta take a Ladipo,
gumi na bin gadon bayana kamar tururuwa.
Ikenna ya mirgino taya uku,
ya jera su kamar raguna ranar kasuwa,
ya ce, "Alhaji, zaɓi."
Ni ko Makka ban je ba,
amma a Legas mai jif ba ya rasa sarauta.

Ta farko haƙoranta irin na kada,
yatsuna biyu sun shige tsakani sun ɓace.
Na san danginta, shekara biyu muka yi tare.
Su suka fisgo ni daga taɓon hanyar Epe
ran da motar Lasisi ta nutse har ƙofa,
ya kwana ciki da buhun abincin kifi da sauro.
Amma hau da ita Gada ta Uku da asuba,
ka ji ƙugi kamar injin markaɗe.
Tabawa a kujerar baya tana bitar hadda,
ta toshe kunne, ta ce, "Baba, jirgi muke bi?"
Ga shan mai.
Allurar tanki ta yi ruku'u, ta ƙi ɗagowa.

Ta biyu sumul, 'yar birni,
zanenta siriri kamar kitson amare.
Kan kwalta ba ka jin motsinta,
ko rediyo sai ka rage masa murya.
Sai dai na tuna Asabar,
na tuna kwanar da ke bayan gonar rogo,
inda ƙasa ke haɗiye ƙafa ta riƙe takalmi.
Can wannan za ta yi ta juyi wuri ɗaya
tana watsa wa masu turi laka a fuska,
kowa kuma da kuɗin turinsa.

Na zauna kan wata tsohuwar taya, na yi lissafi.
Kwana shida daga Agege zuwa Obalende,
cunkoso, burki, danfo na goga mini madubi.
Kwana ɗaya tak a daji, wurin tafkin tarwaɗa.
Shida ta fi ɗaya, ko yaro ya sani.
To amma wa ya ce kwaltar Legas kwalta ce?
Bari damina ta sauka,
titi da kwata su zama uwa ɗaya uba ɗaya,
rami ya ɓuya ƙarƙashin ruwa yana jiran baƙo.
Dajin da nake zuwa ran Asabar
shi ke zuwa ƙofar gidana ran Talata.

Ikenna ya leƙa fuskata, ya rage murya:
"Akwai tokumbo, rabin kuɗi."
Na duƙa na karanta lambobin gefenta,
ta girmi Tabawa da wata bakwai.
Na ce mayar da kakar nan ɗaki ta huta.
Araha ba ta ado,
ba kuma ta tsayar da mota ran da ɗan acaɓa ya gitta.

Ta uku ce ta rage,
ba kada ba, ba 'yar birni ba.
Haƙora daidai, kafaɗa mai kauri.
A taɓo za ta yi nishi kafin ta fita,
a gada za ta yi gunaguni, ba ihu ba.
Ba ta burge kowa.
Na ga kaina a jikinta:
mutumin Gumel da ya shekara ashirin a bakin teku,
Yarabancina da gurɓi, Hausata ta sha gishiri,
amma duk inda aka aike ni ina isa.

Huɗu na saya, bayan ciniki har da rantsuwa.
Tsohuwa guda mai haƙoran kada
na sa aka ɗaure ta a bayan mota,
don ba a raba gari da wanda ya san rami.

Mai faci ya ba su iska, ya ƙwanƙwasa, ya ce shi ke nan.
A hanyar Oshodi na kashe rediyo ina saurare.
Tabawa ta yi barci kafin mu kai Ikeja.