Na Ƙasan Gulbi

Kakata Tabawa ba ta kiran sunansa da dare.
"Wancan na ƙasan Gulbi," take cewa,
ta tofa yawu gefe, ta iza itacen murhu.

Tun Maraɗi ba ta hau tudu ba, in ji ta,
yakan taso in damina ta yi tsakiya,
kai bakwai, kowane da nasa ruri.
Ba nama yake nema ba, iyaka yake ci:
ya lashe tsakanin gonar Barmo da ta Hankurau,
ya gama kushewa da rijiya,
rumbu ya yi iyo, tarwaɗa ta kwana bisa danga,
uwa ta goya ɗan wata ba ta sani ba.

Maharba sun je, kibansu suka bi ruwa.
An yanka baƙin sa. Ya karɓa, ya ƙaro kamu biyu.

Sai Nomau maƙeri, gurgu,
wanda ko cinikin albasa cin sa ake yi.
Kwana uku yana zuga wuta,
ya narka garmar ubansa da mundayen matarsa,
ya fid da turke guda, ja wur.
Ya shiga ruwa yana ɗingishi,
kai na fari ya haɗiye shi kamar loma.
Daga can ciki ya kafa turken.
Gulbi ya yi kukan ƙarfe in an tsoma shi,
tururi ya rufe har Tibiri.

Da gari ya waye, ga gabas, ga yamma,
kowa ya gane kunyarsa.
Gadon bayan abin ne yashin da amalanke ke ɗiba,
jininsa ne lakar da ke ba mu tumatir.
Nomau kuwa, masabarsa kaɗai aka tsinta.

"To ya mutu, Kaka?"
"Wa ke kafa wa gawa turke, yaro?"

Shekara goma sha ɗaya da rufe Tabawa.
Daren jiya sama ta ɓalle tun isha'i.
Ni da ƙanena Arzika muna bakin gaɓa,
fitilar salula a haƙora, muna ɗura yashi a buhu.
Katangar maƙwabci ta zauna ba sallama.
Ƙarƙashin tafin ƙafata
na ji ana jan wani abu, a saki, a sake ja.

Na buɗe baki in faɗi sunan.
Arzika ya ce, "Riƙe min bakin buhun."
Na riƙe.