Ƙirge a Bakin Galma

Ana sallame asuba na ɗaure kundina a bayan keke,
na bi ta Dakace, yatsuna sun ƙage a kan birki.
Sanyi ya riga ni isa fadama,
ya zauna bisa ruwa yana hayaƙi
kamar tukunyar da aka manta a murhu.

Madubin hangen nesan na Yaya Tanimu ne.
Gilashin hagu ya tsage tun ran da ya zame a kan dutse,
don haka rabin duniya nake gani sarai,
ɗaya rabin sai in cike da zato.

Zalɓe ɗaya. Na rubuta.
Ya tsaya ƙiƙam kamar mai bin bashi a ƙofar gida,
ba sallama, ba niyyar tafiya.
Belbela sha bakwai. A'a, sha takwas,
ɗaya ta laɓe a bayan saniyar da ta zo shan ruwa.
Kirinjijiya kuwa, wa ya isa?
Ina kai arba'in suka tashi da fito,
suka kewaya, suka sauka, suka dagula mini lissafi,
na koma kan ɗaya kamar ɗan aji ɗaya.

Barau mai lambun albasa ya kashe injin ban-ruwa,
ya taho yana hura tafin hannu.
"Malam, har yau ba ka gama ƙirga su ba?
Biyan ka ake yi, ko gadonsu za a raba?"
Na zuba masa shayi a murfin fulas.
Ya kurɓa, ya yi nuni da haɓa:
"Waccan siririyar mai tsinta a laka ba 'yar nan ba ce.
Sai an yanke dawa take zuwa,
kafin kwaɗi su fara kiran ruwa ta ɓace.
Ba ta taɓa saka ƙwai a nan ba, na duba."

Na saita idon da ke da lafiya.
Ruwan toka, ƙafafu tsinken tsintsiya,
bindi na kaɗawa kamar ita ma ɗarin take ji.
A ƙafar dama, ɗan zoben ƙarfe.
Ashe wani, can inda ruwa ke zama dutse don sanyi,
ya taɓa riƙe ta a tafin hannu,
ya ji bugun ƙirjinta, ya rubuta lamba, ya sake ta.
Ga ta, ta haye teku, ta haye Sahara,
ta zo cin tsutsa a gefen albasar Barau.
Ban san sunanta ba.
Barau ya ce, "Baƙuwa." Haka na rubuta.

Hantsi ya dubi ludayi, hayaƙin ruwa ya janye.
Zakaran ƙeƙuwa ya hango ni a cikin kacala,
ya yi ta kai ƙarata wurin duk mai fiffike.
Shirwa biyu a sama, ba ruwansu.

Na buɗe shafukan baya, hannun Yaya ne,
rubutunsa mai kwanciya kamar geron da iska ta tura:
dinya shida, gauraka biyu suna rawa,
wannan gaɓa, wannan wata,
shekara goma sha ɗaya ke nan.
Na jira gauraka har azahar ta gota.
Filin rawarsu yanzu bulo ake bugawa,
an jera su suna shan rana.
Na bar layin haka nan.
Hannuna ya ƙi sa sifiri a ƙarƙashin nasa.

La'asar sakaliya, sanyi ya dawo karɓar wurinsa.
Belbelu suka bi layi zuwa bishiyar kwana,
ban ƙirga ba, na bar su su wuce.
Barau ya cusa mini lawashi a jaka,
ya ce in kawo sukari mai yawa wani makon.

Na tura keke, ƙarangiya cike da ƙafar wando.
Da na waiwaya tana nan bakin laka,
tana tsinta, tana kaɗa bindi,
ba ta ma san an rubuta ta sau biyu ba.