Jan Hanci

Aikina hanci ne.
Tsoho Gottlob ya zana a ƙasa, inji ya danne,
takardu su hauro bene da ɗanyen tawada,
ni Keziah Tolliver, ta uku daga bakin taga,
in tsoma buroshi in shafa wa shugaban ƙasa ja a hanci.
Dorcas ke da shuɗin kwat.
Ƙaramarmu Hetty aka bar wa saniya,
don ruwan toka ba ya tona asirin hannu mai rawa.

Hanci ɗari biyu kafin fitilun Filadelfiya su kama.

Zanen wannan makon:
saniyar da aka ɗinka da takardun kuɗi,
talaka mai ƙuri'a ya riƙe ƙaho, gumi na zuba,
shugaba a tsugune yana tatsa,
mai banki kwance a ƙarƙashi, baki buɗe,
tumbinsa ya kai Gottlob kwana biyu.
Daga bakin kowa wani zare ya fito
ya kumbura ya zama magana.
Saniyar kaɗai ba a ba ta ta cewa ba.

Gottlob a juye yake rubutu, kamar mai shiga gida da baya.
Ya ce dutse sai an yi masa ƙarya
kafin ya faɗa wa takarda gaskiya.
In zaɓe ya wuce, ya kawo yashi da ruwa,
ya goge, ya goge, har fuskar ta narke ta bi kwata.
Dutsen nan ya cinye 'yan takara huɗu,
bai ƙara kauri ba, ramewa ma yake yi.

Babana Lemuel, mai haɗa ganguna a bakin kogi,
shi ya zaɓi mutumin.
Ya sha giyar kyauta, ya dawo da hular da ba tasa ba,
muryarsa ta dishe kwana uku.
Yanzu ganguna sun taru har rufi, ba mai saye.
Ya dubi jan da ke ƙarƙashin farcena:
"Ke ce ke ɓata masa fuska?"
Na ce, "Baba, miyar gabanka daga hancin ta fito."
Ya ajiye cokali.
Ya sake ɗauka.

Ranar zaɓe ba wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa.
Mata ba su da layi a rumfar ƙuri'a.
Amma hancin nawa ne,
kuma ranar da kuɗin haya ya ƙaru
na ɗan ƙara nauyin hannu.

Abin da ba a faɗa a waje:
injin da ke buga saniya da yamma
shi ke buga 'yan takardun canji da safe,
masu hoton gaggafa da alkawarin azurfa.
Tawada ɗaya, takarda ɗaya, Gottlob ɗaya.

Ran Asabar aka biya ni da irinsu.
Na gangara wurin Misis Ostrander mai burodi.
Ta ɗaga takardar a haske, ta shinshina,
ta ce bankin ya rufe tun Laraba,
mai shi an gan shi a jirgin ruwa da akwati biyu.
Na tsaya. Cikina ya yi maganar da ba a zana mata zare ba.

Sai idonta ya kai ga abin da na naɗe takalmina:
saniyar da ta lalace,
wadda jan ya zarce mini daga hanci har haɓa.
Ta warware, ta duba,
ta yi dariya har gari ya tashi daga gabanta,
ta kira mijinta daga bakin tanda,
ta nemo ƙusa.

Burodi ɗaya ta ba ni, da rabin na jiya.
Takardar bankin na kai gida
na toshe kafar taga da ita.
Tana tare iska, ba laifi.