Uku Cikin Goma

Shekara ashirin da shida ina fiɗa a Aboabo,
hannuna ya san cikin rago fiye da cikin aljihuna:
ga hanta, ga huhu, ga madaciya
wadda in ta fashe nama duka ya ɓaci.
Akwai wata 'yar tsoka fara-fara, kwance bayan tumbi,
ban taɓa tambayar sunanta ba,
gyara nake yi wa yara da ita.

Yau ita ta zaunar da ni gaban Dakta Boatemaa.

Fankiriyas, in ji ta. Na ce ta sake faɗa.
Ta juyo da allo, ta ɗora bakin biro
kan wani abu toka-toka kamar hayaƙin gawayi.
Taka ta daɗe tana kumburi, Baba Issaka,
ta yi tabo, tsakuwa ta zauna a magudanarta.
Wannan kam na gane.
Kwatar bayan gidanmu in leda ta toshe ta da damina,
ruwa ba ya komawa sama,
gefe yake ratsewa, ya yi kududdufi inda ba a haƙa masa ba.
To haka ne, in ji ta. Jakar ruwa.
Ba ta fito ba tukuna. So muke mu san ko tana hanya.

Sau nawa ciwon ya kwantar da kai?
Huɗu. Biyar, in an sa na daren sunan jikata.
Taba fa?
Na dubi Sakina, Sakina ta dubi takalminta.
Tun kafin a haifi wannan, na ce.
Giya? Na rantse. Ta rubuta, ba ta ɗago ba.
Ta auna ni, na rage kilo tara,
cinyar ɗan maraƙi ke nan ta tafi ban sani ba.

Sai ta zuba ni duka cikin na'ura.
In an tara mutum goma masu irin cikinka,
uku za su yi jakar kafin shekara uku.
Na ce, ni cikin ukun nake ko cikin bakwan?
Ta ce, nan ilimina ya tsaya.

Na so in ce gaibu sai Allah,
sai na tuna yadda nake sayen rago:
in danna gadon baya, in ɗaga bindi, in duba haƙori,
in faɗi naman da ke ƙarƙashin fata tun wuƙa na kube.
Sau da yawa in dace.
Wani lokaci in buɗe, in yi shiru.

A mota, cunkoson Kejetia ya riƙe mu,
na kama kaina ina ƙirga fasinja goma-goma,
ina zaɓen uku, ina jin kunyar zaɓen.
Sakina ta miƙo tafi ba ta ce komai ba.
Na sa mata kwalin, saura kara shida a ciki.
Wata shida mu dawo hoto, ta ce, na rubuta a bangon littafina.

Da asuba na kayar da rago.
Na tura hannu bayan tumbi, na zaro ta da ɗuminta,
laushi kamar ba ta iya kayar da ƙato ba.
Yaron mai waake ya ce, Baba, gyarata fa?
Na ce, dakata tukuna,
ina dubawa.