Wasiƙar Strasbourg

Ranar Talata ta zo, ana yayyafi.
Ɗan wasiƙa ya cusa ta ƙarƙashin ƙofa,
gefenta ya jiƙe, taurarin tambarin sun ɗan dishe.
Na ajiye ta kusa da tukunyar wake,
sai da na gama wanke-wanke na buɗe.

Baba Octavian, ga amsarka.
Shekara goma sha ɗaya da wata huɗu.
Na tuna daren da ka cika takardar ƙorafi,
tabarau a karan hanci, biro yana gardama,
ka ce: "Ruxandra, bayan gari akwai wani gari,
bayan alƙalin Bucharest akwai alƙali."
Inna ta ce inuwar giginya ce,
na nesa ka sha ta.
Ka yi dariya, ka lashi kan sarki ka manna.

Da Faransanci suka rubuto.
Na kai wa Malama Viorica, mai ciwon gwiwa,
ta bi layi da yatsa tana fassara mini,
shayinta ya huce ba ta kurɓa ba.
Alƙalai bakwai, daga ƙasashe bakwai,
ba wanda ya taɓa taka tudunmu,
ba wanda ya san ƙanshin inabinka a watan tara
in zuma ta yi masa dandazo,
amma shida sun ce an zalunce ka.
Sakin layi na hamsin da takwas:
gonar taka ce, jinkirin ya wuce hankali.

Na bakwai bai yarda ba.
Shafi huɗu ya rubuta shi kaɗai,
wai ƙasa ta fi kowa sanin raunin jikinta,
wai kotun nesa ta rage tsawon hannu.
Na sa Malama ta karanta har ƙarshe.
Ban ji haushinsa ba, Baba.
Ko ba komai ya zauna ya yi tunaninka,
abin da magajin garinmu bai taɓa yi ba.

Yuro dubu tara da ɗari huɗu.
Haka suka auna shekarunka,
da takalman da suka cinye a matakalar ma'aikata,
da layin da ka bi tun asuba
don magatakarda ya ce ka dawo jibi.

Na kira ma'aikatar.
Wata murya ta ce hukunci ya iso, gaskiya ne,
sai dai manyan gida suna nazari:
wace kotu ce sama da wace,
tsarin mulkinmu ne gaba
ko yarjejeniyar da muka sa wa hannu?
Na ce ni dai gona nake tambaya.
Ta ce in riƙe lambar fayil da kyau.
Giwaye na ta kokawa,
mu ciyawa muna riƙe da lamba.

Ka san abin da ke gonar yanzu?
Rumbun tayoyi, da shingen waya,
da wani kare mai baƙin kunne.
Amma can kusurwar gabas, bayan kwalta,
kurangar inabi ɗaya ta ƙi mutuwa,
ta kama wayar tana hawa
ba ta nemi izinin kowa ba.

Jiya na je maƙabarta da takardun cikin leda.
Na share ganye, na zauna kan dutsen maƙwabcinka,
na karanta maka sakin layin sau biyu,
da Faransancin da ban iya ba,
sannan da harshenmu.
Iska ta ɗauke shafi na tara,
na bi shi da gudu tsakanin kaburbura,
ni mai shekara hamsin da uku.

Na kamo shi, Baba. Ya ɗan yi laka.
Gobe zan koma layi.
Na sayi takalmi.