Takardar da Ruwan Gishiri Ya Ci

A kasuwar kifi ta Busan, tun gari bai waye ba,
Malsun ke ɗaura rigar aiki.
A aljihu akwai 'yar takardar bishara
da fasto ya raba wata Lahadi,
yau shekara takwas ke nan.
Ruwan gishiri ya cinye rabin kalmomin.

Teburin Okbun na jikin nata.
Sun yi cacar baki kan ƙanƙara, sun yi kan masu saye,
amma sunan Yesu in ya taso mata
sai ya tsaya kamar ƙaya a maƙogwaro.

Sai teku ta riƙe mijin Okbun.
Kwana arba'in ba kowa a teburin
sai wuƙar Malsun,
tana gyara kifin maƙwabciya kafin nata,
ta ƙulle cinikin a leda, ta kai mata da dare.

Ran nan Okbun ta riƙe hannun nan mai sanyi, mai ƙarni:
"Wai wa ya aiko ki?"

Malsun ta laluba aljihu.
Takarda ta narke, babu abin miƙawa.
Sai ta cire takalmin roba,
ta zauna a bakin ƙofa,
murya na rawa,
ta fara daga ɗan abin da ta sani.